Rut kanal a turmin ƙasa: aiki ya yi kyau, amma allurar farko ba ta kama ni ba

In taƙaita muku, kilinik ɗin haƙorin da na je a nan Kano na ba su huɗu cikin biyar, kuma ba dan ban sha wuya ba, wallahi na sha. Turmina na ƙasa ta hagu ne ya rube har ya kai jijiya, irin ciwon da ko ruwan randa ka kurɓa sai ka ji shi a ƙwaƙwalwa, da daddare kuwa ba a magana. Suka ɗauki hoto, likitar ta ce ko a cire ko a yi rut kanal, wato a kwashe jijiyar a wanke ramin a cike. Na zaɓi a bar min abina duk da kuɗin ya ninka na cirewa sosai.

Ta min allurar lidoken, maganin kashe zafi, can ƙuryar muƙamuƙi, muka jira, leɓena ya yi nauyi, rabin harshe ya mutu kamar ba nawa ba. Injin na nutsawa cikin haƙorin sai ga wani zugi ya tsarga min har kunne, ban san sanda na damƙe hannun kujerar ba. Abin da ya burge ni shi ne take ta tsaya, ba ta ce min "haba Malam daure mana, kai fa namiji ne" ba. Cewa ta yi mutuwar leɓe ba ta nuna haƙori ya mutu, kuma turmin ƙasa mai kumburarriyar jijiya shi ya fi kowane haƙori gardama da allura.

Ni kuma na ce mata likita anya ba jininmu ba ne, dan mahaifiyata ma haka take fama, har a gida ana cewa jikinta ba ya karɓar allura. Ta ce zancen gado ba tatsuniya ba ne. Maganin yana aiki ne ta toshe wasu ƴan ƙofofi a jikin jijiya da sinadarin sodiyam ke bi ya kai saƙon zafi, kuma ƙwayoyin gado ne ke ƙera ƙofofin, ba lallai na kowa ya zo iri ɗaya ba. Akwai ƙwayar gado SCN9A mai ƙera ɗaya daga cikin ƙofofin nan, a 2006 masana suka bayyana wasu iyalai a arewacin Pakistan da tasu ta lalace, yaransu ba sa jin zafi sam, har wani yaro yana taka garwashi yana soka wa kansa wuƙa a titi ana kallo. Masu ciwon Ehlers-Danlos, masu gaɓɓai da fata masu talewa, su ma sun yi suna wajen allura ta ƙi kama su. Sai Turawa masu jajayen gashi, masu canji a ƙwayar gado MC1R, a Louisville ta Amurka an ga lidoken na ƙarƙashin fata bai cika yi musu aiki ba, amma da aka gwada allurar muƙamuƙi a jami'ar jihar Ohio a 2012 ba a ga bambanci ba, tsoron likitan haƙori kawai suka fi wasu. Kun ga ke nan maganar ba ta gama zama ba.

A nawa dai ta fi zargin kumburi. Nama in ya kumbura tsaminsa na ƙaruwa, maganin ba ya ratsa jijiya da kyau, ga jijiyar kanta ta ƙara tsiro da wasu ƙofofi masu taurin kai, ga ƙashin ƙasa mai kauri. Wannan ya min daɗi, dan a garin nan da an ji allura ba ta kama mutum ba sai a fara kallonsa wai ɗan ƙwaya ne.

Sai ta ƙara min atiken kashi 4, wani maganin kashe zafin daban, a dasashi gefen haƙorin, zafin ya ragu amma bai tafi ba, daga ƙarshe ta zuba maganin kai tsaye cikin jijiyar. Wannan kam gsky ta yi zafi na ƴan daƙiƙu har hawaye ya zubo min, bayan nan shiru, sai ƙarar ƙananan allurorin da take goge ramin da su kawai nake ji. Zuwa na gaba da kumburin ya sauka, allura ɗaya ta wadatar.

Inda suka rasa maki ɗaya: jira. An ba ni lokaci da safe, ban hau kujera ba sai bayan azahar, kuma ba wanda ya faɗa min tun farko cewa kuɗin hular da za a ɗora wa haƙorin daban yake, sai a wajen biya na ji. Wajen tsafta ba laifi, a gabana suka farke ledar kayan aiki.

In kai ma a gidanku akwai wannan tarihin, ka faɗa tun kafin a kwantar da kujera, ka tambaya ko suna da atiken a ajiye, kuma ko za ka iya shan ibuprofen kafin aikin, amma masu olsa ko ciwon ƙoda kar su sha sai likita ya yarda.