Notepad++ a kan tsohuwar kwamfuta mai Windows XP

Har gobe akwai kwamfutoci masu Windows XP a shagunan buga takardu da gidajen malamai a nan Maraɗi, duk da cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da wannan tsari tun watan Afrilun 2014. Ga wanda yake da irin wannan na'ura, kuma aikinsa rubutu da Hausa ne, ban ga manhajar da ta kai Notepad++ dacewa ba. Manhajar rubuta zallar rubutu ce, wani mai tsara manhajoji da ake kira Don Ho ne ya ƙirƙire ta a 2003, kyauta ce, kuma ba ta cin ƙarfin injin.

Wajen sanya ta ne ake buƙatar natsuwa, domin sababbin fitowarta ba sa tashi a kan XP. Ta ƙarshe da take aiki a kansa ita ce mai lamba 7.9.2, kuma cikin nau'o'inta, galibin waɗannan injuna wanda aka rubuta wa "32-bit" suke karɓa. Tun da Internet Explorer na XP ba ya iya buɗe yawancin shafukan yanzu saboda tsarin tsaronsa ya tsufa, abin da ya fi shi ne a sauke ta a wata kwamfuta daga shafinta na asali, a kawo ta cikin kile na USB. A guji kwafin da ake yawo da shi daga shago zuwa shago, domin injin da ba ya samun kariya ba ya jure cutar kwamfuta (virus). Sanyawar kanta ba ta ɗaukar lokaci, kuma ana iya zaɓar Faransanci tun daga farko.

Abin da ya sa nake yaba mata da gaske shi ne yadda take riƙe haruffanmu masu lanƙwasa. Notepad ɗin da ya zo da XP yana ajiye rubutu da tsarin ANSI, wanda bai san waɗannan haruffa ba, in ba a sauya masa ba, sai mutum ya buɗe aikinsa ya tarar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sun salwanta. Notepad++ kuwa, idan aka tsayar da ita kan UTF-8, wato tsarin ajiye rubutu da ya san haruffanmu, rubutun yana isa ko'ina yadda aka rubuta shi. In haruffan suka fito kamar ƴan akwatuna, laifin salon haruffa ne, sai a koma Lucida Sans Unicode wanda yake cikin XP tun asali. Na biyu kuma, tana adana abin da ake rubutawa da kanta bayan kowace daƙiƙa 7, kuma duk wanda ya taɓa aiki da kwamfutar tebur a lokacin zafi, sa'ad da wuta take zuwa tana komawa, ya san darajar wannan.

Sai dai kada a ɗauke ta madadin Word. Ba ta kaurara harafi, ba ta tsara shafi, don haka mai buga takardar neman aiki ko katin biki ba zai ƙaru da ita ba. Haka kuma lamba 7.9.2 ba ta ƙara samun gyara, shi ya sa nake ba da shawarar a raba injin da intanet, a bar shi ga rubutu kaɗai.