Waya, Laftof ko Kwamfutar Tebur: Wadda Ya Kamata Dillalin Gidaje da Filaye Ya Fara Saya

A da, jarin dillalin gidaje da filaye bai wuce bakinsa da ƙafarsa da ɗan littafin da yake sokewa a aljihun gaba ba. Yanzu kuwa mai neman haya a Hotoro ba ya yarda ya hau Keke Napep sai an turo masa bidiyon gidan tun daga ƙofar waje har banɗaki, mai sayen fili yana zaune a Abuja ko Jidda yana jiran a aiko masa da hoton takarda, mai gida kuma yana so ya ga lissafin kuɗin hayarsa a rubuce. Saboda haka dillalai da yawa suke tambayar irin na'urar da za su saya, kuma mafi yawansu da laftof suke fara tambayar, wataƙila domin ita ce take ƙara wa ofis kwarjini. A ganina sun fara ta bayan gida. Waya ce ta farko, laftof ta biyu, kuma akwai wani abu na uku da kusan kowa yake mantawa da shi sai ranar da ya yi kuka.

Waya ce take zuwa fili tare da dillali, don haka a kanta ya kamata a fi kashe kuɗi da tunani. Masu sayarwa suna yawan tallata lambar megafiksel, 50 ko 108, amma wannan lamba ba ita ce take fitar da ɗaki ba. Abin da dillali yake buƙata shi ne kyamara mai faɗin gani, wadda ake gane ta da alamar 0.5 ko 0.6 a jikin manhajar ɗaukar hoto, domin da ita ne mutum zai tsaya a bakin ƙofar ɗaki mai ƙafa 12 ya kama bango uku da silin a hoto guda. Wayoyi masu araha da yawa na Tecno da Infinix da Redmi suna da zagayen kyamara uku a baya, amma ba duka ne suke da wannan kyamara ba, don haka kada a ƙirga zagaye. A buɗe manhajar a duba. Sannan a juya wayar zuwa lungu mafi duhu a cikin shagon a ɗauki hoto, tunda rabin gidajen da za a nuna ba su da wuta a lokacin da aka je. Ma'adana kada ta gaza gigabayit 128, saboda bidiyo yana cin wuri, batir kuma ya kai 5000mAh. Wanda ya fi son iPhone ta hannu zai sami bidiyo mai kyau ƙwarai, da sharaɗin a cire asusun iCloud na tsohon mai ita a gabansa, ya kuma duba lafiyar batirin a cikin saiti. Kowace iri ce, a danna *#06# a kwatanta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali ko rasit.

Akwai iyakar da waya ba ta wucewa, kuma ya kamata a san ta kafin a yi wa mai saye alkawari. GPS na waya, ko a sarari babu rufi, yana iya kuskure da kimanin mita 5. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne a faɗi, wato kusan mita 15, don haka kuskuren waya kaɗai ya isa ya shigar da mutum sulusin filin maƙwabci. Ƙari a kan haka, taswirorin safiyo da yawa a Najeriya an zana su ne bisa tsarin lambobin wuri da ake kira Minna, alhali Google Maps yana aiki da wani tsarin daban mai suna WGS84, kuma idan aka kwafi lambobin wannan aka zuba a wancan ba tare da an juya su ba, alamar tana iya faɗawa mitoci da dama nesa da inda filin yake. Alamar waya ta isa ta kai baƙo unguwa. Iyaka kuwa aikin safiyo ne da duwatsunsa.

Tablet ba zan daɗe a kanta ba. Tana da daɗin nuna wa mai saye hotuna a cikin mota, amma kyamararta ba ta kai ta waya ba, rubutu a kanta kuma bai kai na laftof ba, don haka sai wanda ya riga ya mallaki biyun.

Laftof tana shigowa ne daga lokacin da gidajen da mutum yake kula da su suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa: yarjejeniyar haya da ta ciniki, jadawalin wanda ya biya da wanda wa'adinsa ya kusa, la'adar da aka karɓa da wadda za a raba da abokin dillanci. Akwai kuma aikin da nake ganin shi kaɗai ya isa dalilin sayenta. Manhajar Google Earth Pro kyauta ce, kuma tana da maɓalli mai hoton agogo wanda yake mayar da mutum ga hotunan sama na shekarun baya. A gari irin Kano, inda aka cike kududdufai da dama aka yi gini a kansu, dillalin da ya ja wannan maɓalli baya zai ga ko filin da aka kawo masa a watan Maris, a bushe ƙayau, tafki ne shekaru goma da suka wuce. A kan babban allo ana ganin hanyar ruwa da tsohon ramin ɗibar ƙasa sarai, abin da ƙaramin allon waya yake ɓoyewa.

Tsakanin laftof da kwamfutar tebur, wuta ce take yanke hukunci. Kwamfutar tebur ta fi araha idan aka kwatanta ƙarfi da ƙarfi, ta fi sauƙin gyara, kuma ɓarawo ba ya saka ta a jaka. Amma da an ɗauke wuta take mutuwa da aikin da ba a adana ba, sai an haɗa mata UPS, wato akwatin batir mai riƙe ta idan wuta ta ɗauke, kuma ita da allonta sun fi jan wuta nesa ba kusa ba. Cajar laftof ta ofis wat 45 ce zuwa 65, ƙaramar sola ko inbata tana ɗaukarta ba tare da kuka ba, batirinta kuma shi ne UPS ɗinta. Ofishin da yake da sakatare mai zama wuri guda da sola mai ƙarfi zai ci moriyar ta tebur. Dillalin da yake shi kaɗai ya ɗauki laftof.

Inda aka fi yin asara shi ne zaɓi tsakanin sabuwa mai araha da tokunbo mai inganci. Sabuwar da kuɗin yawancin dillalai yake kaiwa takan zo da ƙaramar furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) mai suna Celeron da RAM (wurin da take riƙe aikin da ake ciki) gigabayit 4, tana sheƙi a cikin leda, amma da an buɗe Google Earth da Excel da WhatsApp a lokaci guda sai ta fara rarrafe. Da kuɗi makamancin wannan ana iya samun irin waɗanda aka ƙera domin ma'aikatan kamfanoni, wato Lenovo ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook, masu jiki mai jure faɗuwa da kayan gyara a kowace kasuwa. Ni su nake fifitawa, amma da sharaɗi guda mai nauyi. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen na laftof daga jerin 3000, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Kasuwa kuwa cike take da zubi na 6 da na 7 da kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, kuma wasu masu shago suna ɗora musu Windows 11 ta bayan fage, mai saye ya gani ya ɗauka komai daidai ne. Kalmar “Core i5” ko “Core i7” ita kaɗai ba ta nuna komai. Lambar da take biye ce abin dubawa: i5-8250U zubi na 8 ne, i7-6600U kuwa na 6 ne duk da bakwai ɗin da yake gaba. ThinkPad T480 da Latitude 7490 da EliteBook 840 G5 suna cikin waɗanda suka tsallake, ko da yake an fitar da wasunsu da furosesar zubi na 7, don haka sunan samfurin ma ba ya hana dubawa. RAM ya zama gigabayit 8 aƙalla, 16 idan da hali, ma'adana kuma ta zama irin mai sauri da ake kira SSD, mai gigabayit 256 ko fiye, ba tsohon faifai mai juyawa ba.

Ko a titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada a biya kuɗi a tsaye. A nemi kujera a zauna da na'urar minti 20. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga shafin da yake nuna aikin na'ura, a karanta sunan furosesa da girman RAM da irin ma'adana da idon kai. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton da zai fito yana nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa, kuma idan ya gaza kashi 70 cikin 100 sai a rage kuɗin sabon batir daga ciniki. A zare caja a gani ko za ta mutu, a buga kowane harafi, a gwada kyamara da kowace kafar USB, a sake kunna ta a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, a tabbatar babu kalmar sirri da tsohon kamfani ya bari. A kara hannu a gefen da iska take fita, domin na'urar da take zafi a inuwar shago ba za ta jure watan Afrilu ba, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Idan mai shago ya fara cewa, “Alhaji, ai wannan ba ta da matsala, yanzu aka buɗe kwalinta,” yana miƙa hannu zai rufe allon, to lokacin ne ya fi kamata a ƙara zama. Rasit ya ɗauki lambar siriyal da kwanakin garanti a rubuce.

Firinta ta dogara da abin da ake bugawa. Masu tankin tawada irin Epson EcoTank suna buga launi da araha kuma ba sa jan wuta, amma idan suka yi makonni ba a taɓa su ba, musamman a hunturu, kan bugawar yana toshewa, rubutunsu kuma yana iya zuba idan ruwa ya taɓa takarda. Yarjejeniyar da za a ajiye shekaru, wadda wataƙila wata rana a kai ta gaban alƙali, ta fi dacewa da firintar leza mai baƙi da fari, irin tsofaffin HP LaserJet masu tona 85A da ake samu ko'ina. Aibinta shi ne fizgar wuta idan za ta ɗumama, har takan sa ƙaramar inbata ta yi ƙara. Wanda ba ya buga fiye da takardu kaɗan a mako ya bar kuɗinsa ya ci gaba da zuwa shagon buga takardu, amma ya tsaya a goge fayil ɗin daga kwamfutarsu kafin ya fita. Sikana daban kuwa ba dole ba ce, tunda manhajar Google Drive a waya tana mayar da takarda PDF mai tsabta. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin idan aka tura a matsayin hoto ana matse shi har lambar fuloti da hatimi su dushe.

Abu na uku da na ambata tun farko shi ne wurin ajiya na biyu. Na taɓa kai wayata gyaran wurin caji, aka dawo mini da ita an wanke ta tas, hotunan takardun gidaje na shekara biyu suka tafi, na yi kusan wata guda ina bin masu gidaje ɗaya bayan ɗaya da ban-haƙuri. Asusun Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, OneDrive na Microsoft kuma 5. Wannan ya ishi takardu, amma bidiyo yana cinye shi cikin ɗan lokaci. Tsarin da ya fi araha shi ne takardu su hau Drive, bidiyo su sauka a faifan waje wanda ba ya kwana a jaka ɗaya da laftof. Filashi na aljihu na kai saƙo ne kawai, kuma shi ne yake kwaso cuta daga shagunan buga takardu. Tunda a cikin waɗannan fayiloli akwai katin NIN na mutane da hoton shaidar mallakarsu, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan bayanai a kan masu tattara su, dole ne laftof ta kasance da kalmar sirri, asusun Google da na WhatsApp kuma a kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu.

Hoton takarda, komai tsabtarsa a allo, ba ya nuna ko ta gaskiya ce. Wannan sai an je an yi bincike a hukumar rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja. Sakamakon binciken shi ma a ɗauke shi a saka a jaka ɗaya da sauran takardun wannan fili, a raɗa wa jakar suna da unguwa da lambar fuloti da shekara, misali “Ɗanbare fuloti 14, 2025”, maimakon a bar hotunan da dogayen lambobin da kyamara take ba su.