Sunan Kanti Ya Zama Haja a Ingila

Masu aiko mini da saƙon sayayya daga Kano da Zariya har gobe suna kiran sunayen kantunan da iyayenmu suka sani a zamanin da suke zuwa kwas Ingila, su koma gida da kwat da takalmi da zanen gado waɗanda ba a fito da su sai da salla ko in an yi babban baƙo. Wani ya ce a duba masa agogo a Debenhams, wata ta ce labulen BHS take so, akwai ma dattijon da ya tambaye ni ko Woolworths yana nan inda ya bar shi. Duk waɗannan an kulle manyan kantunansu, an sallami ma'aikata, an cire allunan da ke ƙofa, ko da yake sunayen suna nan ana cinikinsu kamar kowace haja. Ni kuwa a gaban kanta aka koya mini wannan, da kaya a hannu, jama'a suna tsaye a bayana.

Yayata ce ta kira ta ce an sa ranar 'yarta, kuma tun da ni ne kawun amarya da ke Turai, saitin akwatuna da tawul da zanen gado suna wuyana. A lokacin ina da katin sayayya na fam 150 da abokan aikina suka haɗa mini sa'ad da maiɗakina ta haihu, domin a nan ba a zuwa barka da atamfa da sabulu, kuɗi ake tarawa a zuba a katin wani kanti a miƙa maka. Katin na wani tsohon kanti ne mai hawa uku, wanda ba sai na kama sunansa ba. Da na isa sai na tarar an lulluɓe gilasan da takardun rangwame, wani wuri rabin kuɗi, wani wuri ƙasa da haka, na ce lallai yau na taki sa'a. A ciki kuwa matattakalar lantarki a kashe take, an tara mutum-mutumin da ake rataya wa tufafi a wani lungu, tsirara, kowanne da takardar farashi a wuya, har katakon jera kaya da madubin bango an sa musu kuɗi.

Na jido kayana na sauko da su da ƙafa, na bi layi, na miƙa katin ga wata dattijuwar Baturiya mai furfura. Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri, tun makon jiya aka hana mu karɓar wannan." Na ce mata kuɗi ne a ciki, mutane ne suka biya, kuma ga sunan kantin nan a jikinsa ɓaro-ɓaro. Ta nuna mini wata farar takarda da aka manna a gefen kanta. Na ɗaga murya na ce a kira mini manaja, sai layin ya yi tsit irin na Turawa, kowa ya duƙar da kai yana duban takalminsa, mai gadi kuma ya taso ya tsaya kusa da ni, bai ce uffan ba. Ni da na zo yin hidimar biki sai ga shi ana yi mini tsayuwar da ake yi wa wanda ake zargi da ɗauke-ɗauke. Matar ta jira na gama, sannan ta ce manaja ya riga ya bar aiki, waɗanda ke riƙe da kantin yanzu akantoci ne da aka damƙa wa kamfanin bayan ya karye, in ina so in cika fom in shiga sahun masu bin bashi. Ta ƙara da cewa ita tun tana budurwa, da fitowarta daga makaranta, ta fara aiki a wannan bene, kuma a rediyo ta ji labarin karyewar kamfanin tana shirin fitowa aiki. Bakina ya mutu. Na biya kuɗin tawul da zanen gado daga aljihuna, na bar akwatunan a nan.

Dokar ƙasar ba ta ɓoye komai ba a kan wannan. Idan kamfani ya faɗa hannun masu rabon kadara, mai riƙe da irin wannan kati ya zama mai bin bashi marar jingina, watau sai bankuna da sauran masu jingina sun ɗiba, abin da ya rage, in ya rage, shi ake raba musu. Akantocin ne ke da ikon cewa a ci gaba da karɓar katin ko a daina. Wanda kuma ya zo ya sayi sunan kantin daga baya, suna ya saya, bashin ba nasa ba ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan, domin abokan aikina ba ginin suka amince wa ba, ba su kuma san masu hannun jarin ba, sunan da suka tashi suka ga kakanninsu suna shiga suka ba kuɗinsu.

Debenhams ya samo asali ne daga wani shagon yadi da aka buɗe a Landan a 1778, shekara 26 kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. A watan Janairun 2021 kamfanin Boohoo, mai sayar da tufafin 'yanmata ta intanet, ya sayi sunan da shafinsa a kan fam miliyan 55, ya ce ba ya bukatar gini ko ɗaya, kuma zuwa watan Mayu an kulle na ƙarshe, mutum wajen 12,000 suka rasa abin yi. A 2025 Boohoo ɗin ya fara kiran kansa Debenhams Group. Wilko kuwa a nan Leicester aka haife shi a 1930, garin da mutanen gida suka fi sani saboda Ahmed Musa ya buga ƙwallo a cikinsa. Ya karye a watan Agustan 2023 da shaguna kusan 400 da ma'aikata 12,500, kamfanin The Range ya ɗauki sunan, B&M da Poundland suka raba wasu daga cikin gine-ginen.

Na WHSmith ya fi ba ni mamaki, domin shi akasin haka aka yi. Tun 1792 yake sayar da jarida a Landan, kuma duk ɗalibin da ya zo karatu ƙasar nan ya taɓa shiga ya sayi biro ko littafin rubutu ko ambulan. A 2025 kamfanin ya sayar wa wani kamfanin zuba jari mai suna Modella Capital shagunansa na cikin gari, kimanin 480, amma ya riƙe sunansa don shagunan filin jirgin sama da tashoshin jirgin ƙasa da asibitoci, inda mai saye ba shi da zaɓi kuma riba ta fi kauri. Sabon mai shi ya rasa sunan da zai rataya, sai ya ƙirƙiro TGJones, da launin shuɗi da fari irin na da, don mai wucewa ya ɗauka wani tsohon gidan kasuwanci ne. Ba a taɓa yin wani attajiri mai wannan suna da ya kafa kanti ba. A ganina wannan raina hankali ne, kuma tsofaffin da ke shiga don gidan wayan da ke cikin wasu rassan har yanzu tsohon sunan suke kira.

Kowa ka tambaya zai ce intanet ce ta kashe kantunan, kuma akwai gaskiya a ciki, tun da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sayayyar Birtaniya yanzu ta waya da kwamfuta ake yin ta. Akwai harajin gine-ginen kasuwanci da ake lissafawa bisa darajar haya, wanda ya fi danne mai kanti a tsakiyar gari a kan mai sito a bayan gari. Akwai kuma manyan filayen kantuna irin Fosse Park a gefen Leicester, inda ajiye mota kyauta ne, alhali a cikin gari kuɗin ajiye mota kaɗai ya isa ya hana ka fita. Amma wasu kantunan masu su ne suka kwashe musu ƙafa. A 2003 wasu kamfanonin zuba jari suka sayi Debenhams da kuɗin aro, suka sayar da gine-ginensa suka koma biyan haya a cikinsu na shekaru masu yawa, kamar magajin da ya sayar da gonar gado ya dawo yana ƙodago a cikinta, sannan suka mayar da shi kasuwar hannun jari a 2006 da bashin da ya haura fam biliyan 1. BHS kuma mai shi, attajiri Philip Green, ya sayar da shi a 2015 a kan fam 1 tak ga mutumin da ya taɓa karyewa, bayan shekara ɗaya kantin ya faɗi da ma'aikata 11,000 da giɓin fam miliyan 571 a asusun fanshonsu.

A nan ne dole in sara wa mutanen ƙasar nan. An kira Philip Green gaban kwamitin majalisa a 2016, aka titsiye shi na sa'o'i ana nunawa a talabijin, jaridu suka sa shi a gaba, kuma a 2017 ya zuba fam miliyan 363 a asusun fanshon. Ma'aikacin da kamfaninsa ya karye gwamnati ce ke biyan sa kuɗin sallama gwargwadon shekarun aikinsa. Ku tuna masaƙun Kakuri a Kaduna, ku tuna shekarun da ma'aikatansu suka yi suna bin haƙƙinsu har wasu suka mutu ba su gani ba, sannan ku gaya mini attajiri nawa aka taɓa zaunarwa ya yi bayani a bainar jama'a.

Sai dai kantunan da suka tsira ma sun zubar da abin da ya sa ake son su. Yau za ka shiga babban kanti ka zagaye shi kaf ba ka ga wanda za ka tambaya ba. An jera na'urorin biyan kuɗi, kai ne mai saye, kai ne mai lissafi, kai ne mai zubawa a leda, ledar ma sai ka saya. Na'urar ta ga dama ta tsaya ta kunna jar fitila, ka yi ta jiran yarinya ɗaya da aka bar wa na'ura takwas. An sa wa madarar jarirai da nama abin ƙararrawa saboda ɓarayi, kyamara kuma tana nuna maka fuskarka kana biya. A irin wannan lokaci nakan tuna Kantin Kwari, inda tun daga bakin layi yara za su tare ka da "Alhaji, me ake nema?", a shimfiɗa maka darduma, a aika a kawo ruwan sanyi, a sauke maka shadda turmi goma ka zaɓi ɗaya ko ka tashi ba ka saya ba, a raka ka da "Allah ya kawo ka gobe". Wallahi akwai ranar da wannan hayaniyar ta fi mini duk tsabtar nan.

Amma kada kewa ta sa in yi ƙarya. A nan idan ka sayi kaya ya fito da aibu, doka ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif, kuma galibi ba a ko tambayar ka rantsuwa. Mu kuwa a ƙasan rasit ake rubuta cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, in an ba da rasit ɗin ke nan, kuma mai shagon da ya ba ka ruwan sanyi jiya shi ne zai ce bai taɓa ganin ka ba in ka dawo da dutsen guga da ya ƙone a daren farko. Mun kuma yi namu manyan kantunan. Kingsway da UTC da Leventis sun yi zamani a Kano da Kaduna, yau abin da ya rage shi ne ɗan sahu yana kiran Bata, ko a ce a haɗu a shataletalen Leventis. Shoprite da aka yi ta ɗoki a Ado Bayero Mall ya tattara ya bar Kano a farkon 2024. Waɗannan ma baƙi ne suka kafa su. Namu na gida ciwonsu daban: ranar da Alhaji ya rasu, kafin a yi sadakar arba'in an fara maganar raba shaguna, kowane ɗaki ya ja nasa, babu littafin lissafi, babu wanda ya san bashin da ake bi ko wanda ake bin sa, yaran shagon da suka yi shekara 20 suna wahala a sallame su da na mota. Kantin da ya yi shekara 200 kafin ya faɗi ya yi abin da ba mu ko gwada ba.

Tsakiyar Leicester yanzu ta zama ta gidajen caca da shagunan sigarin lantarki da masu aski da shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, musamman tun da Marks & Spencer ya kulle reshensa na Gallowtree Gate a 2024. Inda kasuwa take ci sosai shi ne titunan baƙi irin Narborough Road, inda wani bincike ya tarar masu shagunan sun fito daga ƙasashe fiye da 20. Can nake sayen garin tuwo da busasshiyar kuɓewa da manja, a shagon wani mutumin Afirka ta Yamma da ke buɗewa har dare, ya san sunan 'ya'yana, kuma yakan ce in tafi da kaya in kawo kuɗin ranar albashi. Rabin kayansa babu farashi a jiki, rasit sai ka roƙa, littafin bashinsa kuma kwalin madara ne da ya yaga ya rataye a bayan kanta. 'Ya'yansa biyu suna jami'a, ɗaya tana karatun haɗa magunguna, ɗaya lissafi, kuma ya gaya mini da bakinsa cewa babu wanda ke da niyyar tsayawa a shagon.