Ƙarar tsohon inji: wane gwangwani za ka saya, wanne za ka bari a kanta

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota ya san wannan safiyar. Ka tayar da ita cikin sanyin hunturu, sai ka ji inji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka yi ƙorafi, kafin ka rufe baki an jera maka gwangwanaye biyar na maganin da ake zubawa cikin baƙin mai, kowanne an ce shi ne gangaran. Uku na saya a shekarun da na yi da Golf 3, ɗaya ne kawai ya yi mini rana. Sai daga baya na gane cewa gwangwanayen nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma ba kowace ƙara ce mai yake warkarwa ba.

Saboda haka kafin ka taɓa aljihu, kasa kunne. Tsofaffin makanikai suna ɗora bakin doguwar sukuddireba a jikin inji, su manna ƙotar a kunne, su bi ƙarar har inda take fitowa. Ƙara siririya mai sauri daga saman inji, wadda ke raguwa idan mota ta ɗauki zafi, yawanci ta tafet ce, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul. Ƙara mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal kamar ana buga guduma a cikin tukunya, wadda ke ƙaruwa idan ka taka totur, wannan metal ne, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, ya cinye, kuma inji yana hanyar bugawa. Akwai kuma kar-kar ta daƙiƙa biyu ko uku da zarar an yi ki, ta ɗauke da kanta. Wannan ta fi yawa a injuna masu VVT-i ko VTC, wato tsarin canza lokacin buɗe bawul, irin Accord ɗin 2008 zuwa 2012 da ake kira Evil Spirit, kuma tana fitowa ne daga giyar da ke sarrafa lokacin buɗe bawul ko daga sarƙar taimin. Wani lokacin ma ƙarar ba ta cikin inji ba ce sam, gasket ɗin salansa ne ya fashe a wuya.

Maganin da ya fi cika kasuwa shi ne mai kauri kamar zuma: STP Oil Treatment, Abro, da Lucas Heavy Duty Oil Stabilizer. Aikinsu guda ne, su ƙara wa mai kauri ya cike giɓin da ƙarfe ya bari bayan ya ci ƙarfe. Suna rage ƙara, ba ƙarya, har hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yakan ragu, shi ya sa direbobin haya ke son su. A tsohuwar Peugeot 504 ko Golf da ta gaji, mai shan mai mai kauri 20W-50, wadda kake so ta kai ka ƙarshen shekara kafin a sauke inji, ban ga laifinsu ba. Amma a Corolla ko Camry mai VVT-i ba na ba kowa shawarar su. An ƙera waɗannan injunan ne don mai mara kauri irin 5W-30, hanyoyin man ciki ƙanana ne, ga 'yar rariya da ke tace man da ke zuwa giyar bawul. Ka zuba 20W-50, ka ƙara zuma a kai, da safe man zai daɗe bai hau sama ba, kuma a wannan 'yan daƙiƙun ne ƙarfe ya fi cin ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ci mini rai game da wannan nau'in shi ne yadda yake ɓoye ciwo. Wani maƙwabcina ya sayi mota a hannun dillali, inji shiru kamar agogo. Mako uku da saye ya kai ta juye. Ina tsaye aka kwance noti, sai man ya riƙa saukowa a hankali yana jan zare kamar miyar kuɓewa. Makanikin ya shafa a yatsa, ya ɗaga wa rana, ga ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli. Ya ce, “Alhaji, sai haƙuri, an rufe maka baki da wannan ne.” Ana zuba sabon mai ƙarar metal ta fito fili. Idan za ka sayi tsohuwar mota, zaro geji tun inji yana da sanyi ka ga yadda man ke ɗiga.

Nau'i na biyu kishiyar wancan ne: ruwa-ruwa, mai wanke datti. A nan Liqui Moly Hydraulic Lifter Additive yake, da irinsa na Wynn's, da Marvel Mystery Oil na Amurka. Wannan nau'in ne ya yi mini aiki. Tafet ɗin Golf 3 da na tsofaffin Marsandi irin wanda mai ke cikawa ne, yana da ɗan ƙaramin rami da ƙwallo a ciki. Idan dauɗa ta toshe ramin, tafet ba ya cika, sai ya riƙa bugawa. Gwangwani ɗaya na Liqui Moly mililita 300 ne, yana isar mai har lita 6. Na zuba bayan juye, kwana biyu ban ji bambanci ba har na fara cizon yatsa, sai da na je Zariya na dawo sannan ƙarar safiya ta ɗauke.

Sai dai ka fara tambaya ko injinka yana da irin wannan tafet ɗin. Corolla mai injin 1ZZ da Camry Big Daddy ba su da shi. Accord End of Discussion ma ba ta da shi. Nata bawul da noti ake saita shi, haka ma 504. Idan irin waɗannan suna ƙas-ƙas, saiti suke nema, kuma ko katan guda ka juye musu ba abin da zai canza.

Akwai masu rage gogayya, irin Liqui Moly MoS2 da Cera Tec. Na farkon yana mayar da mai toka-toka, kada ka tsorata idan ka gani a geji. Suna iya sa injin da yake da lafiya ya ɗan yi laushi, amma suna da tsada, kuma ba sa mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Masu ɗauke da PTFE, wato sinadarin da ake shafe kaskon suya da shi, ni dai ina kauce musu. A 1997 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa masu Slick 50 suka daina wasu iƙirarin da suke yi a talla saboda babu hujjar da ta tabbatar da su.

Ruwan wanke inji da ake zubawa minti goma kafin juye kuwa, a yi hattara da shi. Buɗe murfin mai ka leƙa da tocila. Idan ka ga baƙin laka ya daskare kamar kwalta, kada ka zuba, domin zai ɓamɓaro shi gaba ɗaya ya je ya toshe rariyar famfon mai. Gara a kwance ƙasan inji a wanke da hannu.

Zaɓin da ba wanda ke tallarsa shi ne juye da mai na gaskiya da filta mai kyau. Baƙin mai nagari ya riga ya zo da sinadaransa na wanke datti da kare ƙarfe, an auna su daidai. Matsalarmu jabu ne da man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Sayi naka a gidan mai ko wurin dila da ka yarda da shi, duba hatimin murfi da alamar API ta ingancin mai a jikin galan, SN ko SP. Filta ma kada ka raina ta: mai araha sau da yawa robar cikinta ba ta riƙe mai idan mota ta kwana, sai inji ya tashi a bushe, ka yi ta zargin tafet a banza.

Da ni ne yau, da juye da filta zan fara, in yi mako guda ina saurare. In ƙas-ƙas ta sama ta nace kuma tafet ɗin na mai ne, sai gwangwani ɗaya na mai wankewa, ba tare da haɗa shi da wani ba. In fitilar mai tana ƙiftawa a silo bayan mota ta yi zafi, ko ƙarar daga ƙasa take, kashe ta a inda take. A sa agogon auna ƙarfin mai, a kwance ƙasa a duba metal tun bai ci karanshaf ba, domin a wannan matakin canjin metal kaɗai yana iya isa, ba sai an kai ga sayen injin Beljiyam ba.