Fim ɗin ban tsoro na Oktoba: wanne ya cancanci datarka?

Da zarar Oktoba ta kama, mu nan damina na bankwana ana shiga kaka, su kuma Amurkawa sai su duƙufa shirin Halloween, bikin da suke yi ran 31 ga wata. Bikin ba namu ba ne, ba kuma shi ya dame ni ba. Abin da ya shafe mu shi ne a watan nan ne manhajojin kallo irin su Netflix ke baje kolin finafinan ban tsoro, tsoho da sabo, masu turi na unguwa su ma su cika kwamfutocinsu da su. Ga data ta yi tsada, ga memori ba ta ɗaukar komai da komai. Dole mutum ya zaɓa.

Ni ba zan ɓoye ba, in guda ɗaya kuɗinka zai iya, ɗauki Halloween na 1978, wanda John Carpenter ya ba da umarni. Da abin da bai fi dala dubu 300 da 'yan kai ba aka yi shi, kuɗin da a Hollywood ko cefane bai kai ba, kuma talaucin nan shi ya gyara fim ɗin. Fuskar robar da makashin, Michael Myers, ke sawa, a shago aka sayo ta, asalinta fuskar Kyaftin Kirk ce, jarumin shirin talabijin na Star Trek, aka fesa mata farin fenti aka faɗaɗa idanun. Kiɗan da ke sa tsigar jiki ta tashi Carpenter ne ya tsara shi da kansa. Labarin a wani ƙirƙirarren gari ne na jihar Illinois a ƙarshen Oktoba, amma a Kalifoniya aka ɗauka, a lokacin da bishiyoyi ke kore shar, sai da suka riƙa watsa busassun ganyen da suka rina, in an gama ɗauka a tattara a buhu a kai wani titin. Jarumar fim ɗin kuwa, Jamie Lee Curtis, wannan ne fim ɗinta na farko.

Abin da ya sa nake komawa gare shi duk shekara, jini kaɗan ne a ciki. Tsoron yana wajen jira. Yarinya na tafiya da ƙawarta da rana tsaka, can nesa bakin shingen shuke-shuke ka hango wani a tsaye, kafin ka nuna wa na kusa da kai ya ɓace. Minti 91 ne kacal, kuma ko Turancinka bai nuna ba za ka bi labarin, don ido ke aikin. Sai dai a sani, akwai 'yar tsiraici a wuri biyu ko uku, ba na kallo da yara ko a gaban surukai ba ne.

Sauran fa? The Conjuring na 2013 yana da kyau in kana son a riƙa razana ka da ƙarar ƙofa, amma kallo ɗaya ya ishe shi. Saw da 'yan uwansa kwata ce kawai, wanda ke son ganin yanka ya je can. The Exorcist na 1973 ya yi suna har ya ci Oscar biyu, sai dai ga wanda ya taɓa zama wajen ruƙiyya, rabin abin mamakin ya riga ya tafi, ga kuma baƙaƙen maganganu. Get Out na 2017 fim ne mai hankali, amma sai kana jin Turanci sosai kana kuma da masaniyar wariyar launin fata a Amurka. Nosferatu na 1922, na Jamus, ba magana a cikinsa sai rubutu, kuma kyauta ake samunsa a YouTube, haka ma Night of the Living Dead na 1968, wanda ya zama na kowa saboda an manta sa alamar haƙƙin mallaka a jikinsa. Waɗannan biyun kada ka yarda wani ya karɓi ko sisi a kansu. Na fassarar Hausa kuwa, ina son su a fim ɗin faɗa, amma a nan da mai fassara ya sako barkwanci ɗaya, tsoron ya watse.

To, yanzu ga inda aka taɓa cutata. Finafinai uku ne ke da suna Halloween tsurarsa: na 1978, da na 2007 wanda Rob Zombie ya sake yi, da na 2018. Na je wani shagon turi na ce Halloween nake so, tsohon. Yaron ya ce ba matsala yallaɓai, akwai. Na biya, na dawo gida na tara abokai bayan isha'i, na gama cika musu baki. Minti biyar ba a yi ba ashar ya fara zuba kamar ruwan Agusta. Na 2007 ne. Da na koma washegari sai ya ce ai duk ɗaya ne, wannan ma ya fi fitowa tas. Akwai kuma Halloween III na 1982, wanda labarinsa daban ne gaba ɗaya, ba na Michael Myers ba. Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a buɗe maka farkon fim ɗin. Na ainihin yana farawa da baƙin allo, rubutu ruwan lemo, da kabewa mai kyandir a ciki a gefen hagu tana matsowa a hankali. In ba ka ga wannan ba, karɓi memorinka.

Abu na biyu, girman fayil. Masu turi na son matse fim ya koma ɗan ƙarami don ya shiga waya da sauri. A fim ɗin dariya ba komai. A fim ɗin da rabinsa dare ne, matsewar nan na mayar da duhu wani dunƙulen toka, kuma akwai wurin da farar fuskar nan ke fitowa sannu a hankali daga duhu a bayan jarumar; a matsattsen kwafi ba abin da za ka gani sai ihunta. Ka sa a tsallaka zuwa kusan ƙarshe ka duba da idonka. Ka kuma lura ko an datse gefe da gefe don hoton ya cika allo. Fim ɗin mai faɗi ne, Carpenter kuma a gefen hoto yake ɓoye makashin, in an datse an cire shi.

Sababbin da ba su daɗe da fita ba su ma da nasu ciwon: da yawa da kyamara aka ɗauko su a sinima, ka ji tarin mutane, ka ga kan wani ya gifta, ga tallan caca na yawo a saman allo. Sai shafukan da ke cewa kallo kyauta amma sai ka sa lambar katin banki, ko ka sauke wata manhaja da ke neman izinin karanta saƙonninka. Me fim zai yi da saƙonninka? Nan ne lambobin sirrin banki ke shigowa. Masu sayar da asusun Netflix da araha a WhatsApp kuwa, na gwada sau ɗaya. Kwana huɗu ya yi aiki, ina tsakiyar fim aka canza kalmar sirri, na kira lambar mutumin a kashe.

In ka samu kwafi mai kyau, kada ka ɓata shi da lasifikar waya. Sa abin kunne, kashe fitila, ka kuma tabbata batirin ya cika kafin a ɗauke wuta.