VLC ko Audacity: wanne zai sa muryar nan ta fito a Outlook?

Malam, ga amsar tambayarka. Ga waɗanda ba su gan ta ba: ɗan'uwanmu ya ɗauko saƙon murya daga WhatsApp, muryar 'yarsa ce tana cewa "Abba, saƙo ya shigo", yana so tsohon Outlook, manhajar imel da ke kwamfutar ofis, ya riƙa buga ta duk sanda wasiƙa ta shigo. Ya canza ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa .wav, ya zaɓe shi a saitin sauti na Windows, ya danna Test, shiru kake ji. Amma in ya buɗe shi da VLC, manhajar buga bidiyo da sauti, murya tana fita tar. Wani ya ce masa ya sauke Audacity, manhajar gyaran sauti, wani ya ce VLC ɗin da ke hannunsa ya isa. Wanne zai ɗauka?

Dukansu biyu suna iya aikin. Sai dai ka fara sanin abin da ya hana sautin fita, don shi ne zai nuna maka inda suka bambanta.

Saƙon murya na WhatsApp ba WAV ba ne. Opus ne, an matse shi don kada ya ci data. Shi ya sa a wayar Android za ka ga sunansa ya fara da PTT ya ƙare da .opus, in kuwa ta burawuzar kwamfuta ka sauke shi sai ya zo da .ogg. Canza sunan da ka yi bai taɓa abin da ke ciki ba, tamkar ka rubuta "sukari" a jikin gwangwanin gishiri ne. Shi VLC ba ya kula da rubutun jiki, buɗewa yake ya duba abin da ke ciki, kuma yana tafe da kayan warware kusan kowane irin sauti. Wurin sautin sanarwa na Windows kuwa WAV kaɗai ya sani, tsarin da Microsoft da IBM suka fitar tun 1991. Don haka jin muryar a VLC ba shaida ba ce cewa fayil ɗin lafiya yake.

Kana iya tabbatarwa da idonka. Danna fayil ɗin da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Open with, ka buɗe shi da Notepad. Za ka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, kada su dame ka, farkon layin kawai za ka duba. WAV na gaske yana farawa da RIFF, sai 'yan alamomi, sai WAVE. Naka OggS za ka gani. MP3 sau da yawa ID3 yake farawa da shi, na M4A kuma za ka tsinci ftyp kusa da farko. Ka rufe ba tare da ka yi Save ba.

Abin da ake nema ke nan: WAV na ainihi, PCM (wato sautin da ba a matse ba) mai bit 16, a kan 44,100 Hz. Shi ne wanda ban taɓa ganin manhajar kwamfuta ta ƙi shi ba.

Ta VLC hanyar gajeriya ce. Ka danna Ctrl da R, ko ka shiga Media ka zaɓi Convert / Save. Ka danna Add ka ɗauko fayil ɗin asali, ka sake danna Convert / Save da ke ƙasa. A wurin Profile ka zaɓi Audio - CD. Sunan yana rikita mutane, suna zaton sai da faifai, alhali shi ne yake fitar da WAV mai bit 16 a kan 44,100 Hz, daidai abin da muke so. Ka danna Browse, ka ba sabon fayil suna dabam da na tsohon, ka tabbata ya ƙare da .wav, sannan Start. Kafin ka ɗauke hannu ya gama. Ba sabon saukewa, ba kashe data, kuma Opus ba ya ba shi wahala ko kaɗan.

Matsalarsa, abin da ka ba shi shi zai mayar maka. In yarinyar ta yi daƙiƙa uku tana numfashi kafin ta buɗe baki, ko ƙarar janareta na biye da ita, ko muryar ta yi ƙasa, haka za su fito a WAV ɗin. Akwai wurin saka lokacin farawa a ƙarƙashin Show more options, amma a makance kake yankan, ba ka ganin sautin, sai dai ka yi ta gwadawa. Kuma VLC ba mai yawan magana ba ne: in juyawar ta lalace, wani lokaci fayil marar komai zai ajiye maka ya yi shiru abinsa. Ka duba girman abin da ya fitar kafin ka yarda da shi.

Audacity kuwa don gyaran sauti aka gina shi. A jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka aka fara shi, ya fito a 2000, kuma har yau kyauta ne. Da ka jawo fayil ka saki a cikinsa za ka ga muryar a zane: inda ake magana layin ya kumbura, inda aka yi shiru ya kwanta siriri. Ka ja linzami a kan siririn da ke farko, ka danna Delete, haka na ƙarshe. Sai Ctrl da A, ka shiga Effect ka nemo Normalize, ya ɗaga muryar ba tare da ta fashe ba. In kana son ƙarshen ya sauka a hankali maimakon ya katse kwatsam, ka zaɓi rabin daƙiƙar ƙarshe ka sa masa Fade Out. Wannan yankan ba ado ba ne. Sautin sanarwa da ya fara da shiru, kafin maganar ta zo hankalinka ya riga ya tafi wani wuri, kuma wasu daga masu cewa "ba ya ƙara" a gaskiya yana yi, farkonsa ne babu komai.

Amma shi ma yana da tarkonsa, kuma sun fi na VLC kama sabon shiga. Na farko, Save Project ba fitar da sauti ba ne. Fayil mai .aup3 yake ajiyewa, wanda Audacity ne kawai ke karantawa. Export Audio za ka nema a ƙarƙashin File. Na biyu, a wurin fitarwar ka zaɓi WAV, sannan ka duba Encoding da kyau ya zama Signed 16-bit PCM. Audacity a cikinsa da 32-bit float yake aiki, kuma yana iya fitar maka da WAV a haka. Shi ma WAV ne na gaske, RIFF za ka gani a Notepad, amma akwai manhajojin da ba sa buga shi, sai mutum ya rasa ta ina matsalar take. Na uku, tsofaffin fitowar Audacity ba sa buɗe Opus sai an haɗa musu FFmpeg, wani ƙari mai warware nau'o'in sauti, haka M4A da AMR na rikodar waya. In naka ya ƙi buɗewa, kada ka tsaya kokawa da shi: juya da VLC tukuna, ka kawo WAV ɗin Audacity ka yanke.

Ga nawa hukuncin. Da a ce sautin da aka riga aka gyara ne, kamar gajeren MP3 na ƙararrawa, VLC ya wadatar, sauke Audacity ɓata data ne. Naka kuwa murya ce da aka ɗauka da waya a cikin gida, ba makawa tana da shiru a gaba da hayaniya a baya, don haka Audacity nake ba ka shawara. Kuma ka taƙaita shi. WAV ba a matse yake ba, minti ɗaya na sitiriyo ya kai kusan MB 10, amma daƙiƙa 3 ba su wuce rabin MB da ɗan kai ba. Abokan ofis ma za su gode maka, don abin da ya yi daɗi a karon farko ba lallai ya yi a wasiƙa ta talatin ba.

Shafukan intanet masu juya sauti ban sa su a lissafi ba. Suna aiki, amma muryar 'yarka za ka ɗora wa mutanen da ba ka san su ba, a kan abin da kwamfutarka ke yi ba tare da intanet ba.

In ka juya daidai kuma har yanzu shiru, to laifin ya bar fayil ya koma saiti. Fara da wurin ajiya: Windows hanyar fayil ɗin yake riƙewa, ba ya kwafar sautin. In yana kan filash ka zare, ko yana Downloads ka share, magana ta ƙare. Ka kwafa shi cikin C:\Windows\Media, zai nemi izinin admin, wanda a kwamfutar ofis wataƙila sai mai kula da na'urori ya ba ka. In bai samu ba, buɗe masa folda a Documents ka bar shi nan. Ka kuma kunna File name extensions a File Explorer, don Windows yana ɓoye ƙarshen suna, sai ka tarar abin da kake kira sako.wav ashe sako.wav.mp3 ne.

Daga nan ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga Sounds. A jerin za ka ga Desktop Mail Notification da New Mail Notification. Mutane kan saka wa ɗaya alhali ɗayan ake kira, kai ka saka wa duka biyun ka huta, ka danna Apply. A cikin Outlook kuma ka bi File, Options, Mail, ka tabbata akwai alama a Play a sound. Sai Volume mixer: System sounds yana da nasa ma'auni dabam, yana iya zama a kashe alhali YouTube na ta ƙara. Ka leƙa Do not disturb a Windows 11, ko Focus assist a Windows 10, ka kashe shi lokacin gwaji.

In sifika ta Bluetooth kake amfani da ita, wasu suna yin barci in an daɗe ba sauti, kafin su farka sun haɗiye kalmar farko. A nan kaɗai zan ce ka bar kamar rabin daƙiƙa na shiru a gaban muryar. Ka rufe Outlook ka sake buɗewa, ka tura wa kanka wasiƙa daga waya ka saurara.