Tsatsa: 'yar Kwatano ko wadda ta tsufa a Sakkwato?

Kowa na rububin mota 'yar Kwatano saboda fentinta na sheƙi, amma sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta tukuna. In daga Kanada ta fito, ta sha gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara. Gishiri da laima ke cin ƙarfe, tun daga salansa har bututun birki. Wani dillalin ma baƙin fenti yake shafawa a wurin, kana danna sukundireba sai ya burma.

Wadda ta tsufa a Sakkwato kuwa rana ta ƙone fentinta, ba kyan gani, amma iskarmu busasshiya ce. Tsatsarta galibi tana inda taɓon damina ya maƙale bayan taya, ko ƙarƙashin batir inda ruwansa ke ɗiga. In injinta lafiya lau, ni ita zan ɗauka.